Kabad ya tare taga

Yamai ba ta da girma a da. A shekarar 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kawo shi nan bakin kogin Isa. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai, a 1960, mutanen garin kamar dubu 30 ne. Da aka yi ƙidaya a 2012 sai aka tarar sun haura miliyan ɗaya. Mutane sun yi yawa, fili ya yi tsada. Shi ya sa iyalai da dama suke zaune a gidajen haya: tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere gefe da gefe, kowane magidanci da ƙofarsa. Wani ɗaki guda ya kama, nan kwana, nan zama. Wani ya kama ɗaki da falo.

Wani ma'aikaci aka yi wa canjin wurin aiki daga Tasawa zuwa Yamai. Ya zo da matarsa da ƴaƴa uku, ya kama ɗaki da falo a unguwar Bukoki. Babbar ɗiyarsa tana aji shida, jarrabawar ƙarshen shekara tana gabanta. Ƙannenta biyu maza ne, ƙaramin ana ce masa Auta.

A Tasawa gidansu babba ne, da zaure, da rumfa, da darbejiya a tsakar gida. Nan kuwa falon tsawonsa metir 4 ne, faɗinsa metir 3. Ɗakin kwana ma haka. Ƙofar falo da tagarsa suna duban gabas, wajen tsakar gida. Ɗakin kwana yana bayan falo, yana da ƴar taga guda mai duban yamma.

Ranar da mota ta sauke kaya, kowa ya gaji. Inda ƴan dako suka dire abu, nan ya zauna. Abu ɗaya ne uwar yara ta zaɓa wa wuri da kanta, shi ne kabad ɗinta mai gilashi. Tun ranar aurenta take da shi. A ciki jerenta yake: kwanuka, da samiru, da farantan tangaran. Tsayinsa ya kusa metir 2. Ta sa aka jingina shi da taga, ya rufe ta ruf, don kada masu kai da kawowa a tsakar gida su riƙa leƙen ɗakinta. Doguwar kujera ta tsaya a tsakiya, ƙanana biyu a gabanta. Tabur ya shige lungu. Adaka ta zauna kusa da ƙofar ɗakin kwana, har sai mutum ya karkace yake wucewa.

Falon ya yi duhu. Rana tsaka sai an kunna ƙwan lantarki. In aka ɗauke wuta, yarinya ta ɗauki littafinta ta zauna bakin ƙofa, ƙannenta suna tsallake ta, maƙwabta suna hira a kanta. In ta koma lungu wurin tabur, sai ta kai fuska dab da takarda. Karatu cikin duhu yana gajiyar da ido, yana kawo ciwon kai. Kafin wata biyu makinta ya fara sauka. Maigida ya ga kuɗin wuta ya ƙaru, ya yi ta faɗa. Uwar yara ta ce ɗakin birni ne haka, kurkuku ne mai ƙofa.

Abin da aka gani cikin kwali

Wata safiya malamin aji shida ya shigo da kwalin sabulu. Ya yanka ƴar taga a gefe ɗaya, ya huda ƙaramin rami a sama na leƙawa, ya liƙe sauran kafofi. Yara suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Kusa da taga akwai haske, can ciki da duhu-duhu.

Malam ya buɗe kwalin, ya manna farar takarda a bangon ciki, ya rufe. Suka sake leƙawa. Kwalin ya washe, alhali ba a ƙara faɗin taga ba. Ya cire fara ya sa baƙa, sai duhu ya dawo, har ya fi na farko. Daga nan ya tsai da kwalin ashana a gaban taga. Ba a ga komai ba. Ya matsar da shi gefe, ya jingina shi da bango, haske ya wuce abinsa.

Ga abin da ya bayyana musu. Haske a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana kamar iska. Duk abin da ya tare shi, bayansa inuwa ce. In ya faɗa kan abu, wani kashi yana dawowa, wani kashi abin ya shanye. Farin bango yana maido da kamar kashi 8 cikin 10. Baƙin katako da kyar yake maido da 1 ko 2. Saboda haka hasken da ke cikin ɗaki ba na taga kaɗai ba ne. Yana shiga, ya bugi bango, ya koma rufi, ya sauko ƙasa, yana ta kewaya har ya ƙare. Inda ya sami farin wuri yana daɗewa. Inda ya sami manyan kaya masu duhu, nan take yake mutuwa.

Ya ƙara musu da awo. A auna daga ƙasa zuwa saman taga, a ninka biyu. Iyakar inda hasken kirki yake kaiwa cikin ɗaki ke nan, kusan. Tagar da samanta yake metir 2 daga ƙasa tana iya haskaka metir 4. Kuma hasken da ya shigo ta sama shi ne mai zuwa nesa, na ƙasa kusa yake faɗuwa.

Yarinya ta yi lissafi a zuci. Saman tagarsu metir 2 ne. Daga taga zuwa bangon da ke fuskantarta metir 3 ne kawai. Ashe falon bai kamata ya yi duhu ba.

Da ta koma gida ta sami uwarta tana tankaɗe.

– Inna, Malam ya ce ɗakinmu ba shi da laifi. Kabad ne ya tare mana haske.

– Malam ya taɓa shiga ɗakina? Ke, tashi ki ɗebo ruwa.

Ba ta kira sunanta ba, ƴar fari ce. Yarinya ta ɗauki bokiti ta fita.

Kawu ya zo da awo

Uwar yara tana da ƙane kafinta a kasuwar Katako, inda ake sayar da katakai da ƙarafa da kayan gini. Ran Lahadi ya zo gaisuwa. Ya yi sallama, ya shigo, gwiwarsa ta bugi kujera.

– Yaya, dare ne a nan ko rana?

– Kai ma ka shiga maganar yarinyar nan?

Yarinya ta gaya masa zancen kwali. Ya yi dariya, ya zaro awo daga aljihu.

– Ɗiyata, kawo takarda. Kafin a ɗaga ko da kujera ɗaya, a takarda za mu fara jan kayan nan. Takarda ba ta da nauyi.

Suka auna falo, suka zana shi, kowane metir ɗaya santimetir 5 a takarda. Suka sa alamar ƙofofi biyu da taga. Sannan suka auna kaya. Kabad: santimetir 180 da 50. Doguwar kujera: 180 da 80. Ƙananan kujeru: 80 da 80 kowace. Tabur: 100 da 60. Adaka: 100 da 50. Suka yanka guntayen kwali daidai da kowane, suka ɗora kan zane yadda kayan suke.

Filin falo murabba'in metir 12 ne. Kayan duka ba su cika 5 ba. Saura ya fi 7. Amma tabarma mai metir 2 da 1 ba ta da wurin shimfiɗa! Maigida ya karɓi takarda ya duba, ya sake dubawa.

– To, ina bakwai ɗin suka shiga?

Kawu ya nuna masa da yatsa. Ga tsaga bayan doguwar kujera, ba mai zama ciki sai ƙura da sauro. Ga wata tsakanin ƙananan kujeru. Ga lungu bayan ƙofa. Filin yana nan, amma an yayyanka shi kamar ƙyallayen tela. Ƙyalle goma ba su ɗinka riga, ko da awonsu ya kai na yadi.

Ya fara tura guntayen kwali. Da fari ya ja layi daga ƙofar falo zuwa ƙofar ɗakin kwana, don suna duban juna. Ya ce wannan hanya ce, faɗinta santimetir 90, ba a ɗora mata komai. Ta nan mutum yake bi da tire a hannu, ta nan iska take bi, ta nan kuma ake gudu da yara in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye. Adaka ta koma ɗakin kwana.

Sai kabad. Ya kai shi bangon arewa, ya matsa shi kusurwar yamma. Dogon abu gefen taga yake tsayawa, ba gabanta ba. Ya ƙi sa shi a bangon da ke fuskantar taga, don wannan bango shi ne farar takardar cikin kwali. Doguwar kujera ce ta je can. Tsayinta bai kai metir ɗaya ba, bango ya rage fari a samanta. Ƙaramar kujera ɗaya ta shiga tsakanin ƙofa da taga. Tabur ya zo ƙarƙashin taga, gajeren gefensa a jikin bango.

A nan Kawu ya daɗe. Ya tambayi yarinya da wane hannu take rubutu. Ta ce da dama. Ya ce to, ta zauna tana duban kudu, taga a hagunta. In haske ya zo daga dama, inuwar hannu tana faɗa wa abin da ake rubutawa. In ya zo daga baya, inuwar kai ce take rufe littafi. In mutum ya fuskanci taga kuma, hasken yana kashe masa ido, takarda ta yi kamar mai duhu. Bahago kuwa sai ya juya, taga a damansa. Haka ma fitila da dare.

Guntun kwali ɗaya ya rage a hannun Kawu: ƙaramar kujera ta biyu. An juya, an juya, ba ta da wuri.

– Bashi na ci na sayi kujerun nan, in ji maigida. Uku ake sayar da su.

– Gaskiya ne, Malam. Amma don babban falo aka yi su.

Maganar Kawu tana kan hanya. Yawancin kujerun da ake bajewa a bakin titunan Yamai manya ne, masu kumburarren hannu, kuma mai saye yakan auna su da idon baƙi, ba da faɗin ɗakinsa ba. Maigida ya yi shiru. Daga baya ya ce Kawu ya tafi da ita, in an sami mai so a sayar, a yi wa yarinya kujerar katako daidai tabur.

Uwar yara ba ta yarda ba tukuna.

– In kun buɗe taga, kowa ya ga cikin ɗakina ke nan.

– Yaya, kina da farin yadi mara kauri?

Ta ɗauko wani tsohon mayafi. Kawu ya ɗaura zare, ya rataye shi ya rufe kashi biyu cikin uku na taga daga ƙasa, ya bar sama a buɗe. Ya ce ta fita tsakar gida ta leƙo. Ta fita, ta leƙo, ba ta ga komai ba sai farin yadi. Da rana waje ya fi ciki haske, don haka na waje ba ya ganin na ciki. Da dare in an kunna wuta abin yana juyawa, sai a rufe ƙyauren taga.

Aka fitar da jere ɗaya-ɗaya, aka ja kabad. Bayansa yana da ƙura da yanar gizo. Haske ya zubo cikin falo, ya faɗa kan bango, ya dawo kan gilashin kabad. Da aka maida kwanuka sai suka ɗau ƙyalli, abin da ba su yi ba tun Tasawa. Uwar yara ta tsaya bakin ƙofa ta duba. Ba ta ce komai ba. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge gilashi.

Auta ya shimfiɗa tabarma a tsakiya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Da dare ana juya tabur ya kwanta jikin bango, wurin kwanan maza biyu ya samu.

Ranar Yamai

A ƙasashen sanyi, kamar Faransa, mutane suna neman rana ta shigo musu ɗaki. A nan haske ake so, ba rana ba. A watannin Afirilu da Mayu zafin la'asar yakan wuce digiri 40. Taga in ta shigo da rana kai tsaye, ta shigo da wuta.

Yamai tana tsakanin digiri 13 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana: ƙarshen Afirilu da tsakiyar Agusta. A ranakun nan inuwar mutum tana shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Tsakanin lokutan biyu rana tana ɗan karkata arewa. Sauran shekara tana karkata kudu. A Disamba, sanda mai metir ɗaya tana yin inuwar kamar santimetir 75 wajen arewa da tsakar rana. Tun da rana tana sama sosai a wannan lokaci, ɗan bakin rufi ya isa ya kare tagar arewa ko ta kudu. Gabas da yamma su ne masu wuya, don da safe da maraice rana tana ƙasa, tana shigowa a kwance har cikin ɗaki.

Tagar falon Bukoki tana shan ranar safe, lokacin yarinya tana makaranta. Bayan azahar rana ta koma bayan gida. Sai ta bugi bangon maƙwabta da ke ƙetaren tsakar gida, bangon ya turo haske mai laushi cikin falo. Lokacin karatu ke nan.

Ɗakin kwana shi ne mai shan wuya. Bangonsa na yamma na bulon siminti ne. Yana shan rana tun azahar har magariba, ya adana zafi, da dare ya saki. Gado yana manne da shi. Akwatuna uku an ɗora su kan juna sun toshe ƴar taga. Kawu ya sa aka ja gado zuwa bangon ciki, aka bar wurin rataya sange ta sauka ko'ina. Akwatuna biyu suka shige ƙarƙashin gado, ɗaya ya hau adaka. Ya rataya asabari a bayan taga, ta waje. Labulen ciki yana tare rana bayan zafinta ya riga ya shigo, na waje yana tare ta tun a hanya. Da dare a naɗe asabari, a buɗe taga, a ɗage labulen tsakani. Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita. Yanzu tana shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan.

Tagar gabas tana da nata hali. Da hunturu iska tana zuwa daga arewa maso gabas da ƙura. Da damina hadari daga gabas yake tasowa. Saboda haka littattafai ba su kwana kan tabur, kuma da an ga gari ya haɗe sai a rufe ƙyaure.

Da da yanzu

Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, zai ga irin ɗakunan gargajiya na al'ummun Nijar. Ɗakin ƙasa na da bangonsa mai kauri ne. Tagarsa ƴar kafa ce a sama, wani ma ba shi da ita. Da gangan aka yi shi haka, don ya yi sanyi. Duhun bai dami kowa ba, domin saƙa, da kaɗi, da ɗinki, da karatun allo, duk a zaure ko a rumfa ake yin su. Kayan ɗaki kuma kaɗan ne: gado, jere, tabarma da ake naɗewa. Mai haya a birni ba shi da zaure. Aikin da ake yi a waje ya shigo ɗaki, kaya ma sun ƙaru, ɗakin bai ƙaru ba.

Masu zanen gine-gine suna ta neman dabara. A 2016 aka gama wasu gidaje shida a unguwar Yamai 2000. Cikin waɗanda suka zana su akwai Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar. An gina su da tubalin ƙasa da aka matse da inji, hawa biyu, don kada su ci fili. An bar musu tsakar gida da wuraren inuwa, an jera kafofi yadda iska za ta ratsa. Ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ko ƙara taga. Abin da yake iya taɓawa shi ne kabad, da gado, da labule, da launin bango in mai gida ya yarda.

Bayan mako biyu Kawu ya kawo kujerar katako a bayan babur. Ƙaramar kujera kuwa tana nan shagonsa a Katako, ba a sami mai sayen guda ɗaya ba. Shi yake zama a kanta in ba aiki.

Tambayoyi

1. Don me uwar yara ta sa kabad a gaban taga? Tana da hujja ko ba ta da ita?
2. Me ya faru da Malam ya manna farar takarda cikin kwali?
3. Filin da ya rage ya fi murabba'in metir 7, amma tabarma ba ta shimfiɗu ba. Me ya sa?
4. Don me Kawu ya rataya asabari ta waje, ba ta ciki ba?

Aiki

Ku lissafa filin da kowane kaya ya ci, ku tara. Nawa ne daidai? Nawa ya rage bayan an fitar da adaka da ƙaramar kujera ɗaya?

Ku duba ajinku. Ina tagogi suke duba? Daga wane hannu haske yake zo muku? Wane banci ya fi duhu, kuma me ya tare shi?

A gida, ku auna ɗakin da kuke kwana. In babu awo, ku yi da taki. Ku zana shi, ku sa alamar gabas, da ƙofa, da taga. Ku yanka guntayen kwali a madadin kaya, ku gwada jeri biyu dabam. Kada ku ja komai sai da izinin manya. Ku kawo zanen ran Litinin.